YABON GWANI: LAMBOBIN GIRMA GA MASU KOYAR DA TATTALIN ARZIKI, DA ABIN DA YA SHAFE MU CIKI

Jawabin da anka karanta gaban taron shekara na ƙungiyar 'yan garinmu, bayan girbi.



Mai gari da 'yan majalisarshi, liman da malamai, dattawanmu, iyayenmu mata, shugaban ƙungiya da 'yan biro, 'yan'uwa da kunka taso daga Yamai, Kano, Legas, Kwatano, Abijan da Akara, har da waɗanda sunka ƙetaro hamada daga Aljeriya da Libiya, muna gaishe ku gaba ɗaya, muna yi muku barka da zuwa gida.

Biro ya ɗora muna, mu malaman lakwal, nauyin yin bayani bisa wata shawara da wasu 'yan'uwa sunka kawo. Shawarar ita ce, ƙungiya ta riƙa ba da lambar yabo kowace shekara ga wanda ya fi koya ma jama'a yadda ake lissafi da tattalin dukiya. Wasu sun yi na'am. Wasu kuwa sun ce kuɗɗin asusu na gyaran rijiya ne da rufin aji, guminmu ne na ci-rani, ba na biki da tafi ba. Kowane ɓangare yana da hujja. Don haka kafin a ɗaga hannu, mu duba yadda wasu ƙasashe ke girmama irin waɗannan malamai, mu ga su wa anka girmama, mi sunka koyar, kuma ina karatunsu ya gamu da rayuwarmu.

1. ASALIN LAMBAR

Lambar da ta fi suna a wannan fanni ita ce wadda ake ba da wa a ƙasar Suwidin, da sunan Alfred Nobel. Shi wannan mutum attajiri ne, masanin haɗa sinadarai, shi ya ƙirƙiro nakiyar fasa duwatsu. Ya rasu ran 10 ga watan Disamba 1896, ya bar wasiyya a juya dukiyarshi, ribar da ta fito a raba ta kowace shekara ga waɗanda sunka fi amfanar 'yan Adam. An fara rabon a 1901, a fannoni biyar: kimiyya iri biyu, aikin likita, rubutun adabi, da zaman lafiya. Babu tattalin arziki cikin wasiyyar.

Sai a 1968, da babban bankin Suwidin ya cika shekara 300 da kafuwa, ya ce shi zai riƙa biyan wata lamba ta shida don tunawa da Nobel. A 1969 anka fara ba da ita ga Ragnar Frisch ɗan Norwe da Jan Tinbergen ɗan Holan. Wanda anka zaɓa yana karɓar lambar zinariya da takardar shaida daga hannun sarkin Suwidin a birnin Istokholm, ran 10 ga Disamba. Akwai kuma kuɗɗi. A 2023 sun kai miliyan 11 na kuɗɗin Suwidin, wanda ya zarce miliyan 500 na sefa. Ba a raba lamba ɗaya ga fiye da mutum uku.

Kusan duk waɗanda sunka samu wannan lamba malaman jami'a ne, masu tsayuwa gaban allo kamar mu, sai dai allonsu ya fi namu faɗi. Da yawansu sun yi bincike bisa bankuna da manyan kasuwanni da ba su shafe mu kai tsaye ba. Waɗannan za mu wuce su. Za mu tsaya ga waɗanda sunka duƙa sunka dubi manomi, ɗan ci-rani da ɗan lakwal.

2. ƊAN MANOMI DA ƊAN MALAMAN LAKWAL

A 1979 anka raba lambar tsakanin mutum biyu, Theodore Schultz da Arthur Lewis.

Schultz an haife shi a 1902 cikin wata gona a jihar Dakota ta Kudu, ƙasar Amurka. Da ya gama ƙaramar lakwal, sai anka tsaida shi gida don aikin gona, bai shiga sakandare ba. Sai da ya zama saurayi ya koma karatu ta hanyar wani gajeren horo na aikin noma, daga nan ya shiga jami'a, har ya zama babban malami a jami'ar Shikago. Ku lura, dattawa: yaron da anka fidda daga aji don noma, shi ne ya ƙare rayuwarshi yana faɗa ma duniya darajar aji ga manomi.

A zamaninshi, manyan masana da yawa suna ɗaukar manomin ƙasashen talakawa a matsayin raggo, ko mai taurin kai da ya ƙi sabon abu. Schultz ya ƙi yarda da haka. Cikin littafin da ya fitar a 1964 bisa sauya noman gargajiya, ya nuna cewa talakan manomi gwanin lissafi ne. Da 'yar gonarshi da hauyarshi da irin da ya gada, ya riga ya san inda zai sa kowane ƙarfi nashi, ba ya ɓarna. In ka zo kana yi mishi wa'azin ya ƙara ƙoƙari, ka ɓata bakinka. Abin da zai ɗaga shi abu uku ne: sabon kayan aiki kamar ingantaccen iri da taki, ilimin da zai iya sarrafa su da shi, da farashi na gaskiya ga abin da ya noma. Ya soki gwamnatocin da ke danne farashin amfanin gona don mutanen birni su ci da araha, ya ce wannan haraji ne na ɓoye bisa wuyan manomi. Dattawan da sunka ga zamanin gujiya, lokacin da farashi ke zuwa daga sama, manomi sai dai shi ji a bakin sikeli, sun san wannan magana ba sai an fassara musu ba.

Abu na biyu da ya koyar shi ne, ilimin da ke cikin kan mutum jari ne, kamar shanu ko rijiya. Ya dubi Jamus da Japan bayan yaƙin duniya na biyu. An rushe musu gidaje da masana'antu, amma cikin 'yan shekaru sun miƙe, don bom bai iya ƙona abin da mutane sunka sani ba. Ke nan wanda ya kashe kuɗɗi ga karatun ɗiyanshi bai yi asara ba, ajiya ya yi a inda fari da gobara ba su kai.

Arthur Lewis kuwa baƙar fata ne, jikan waɗanda anka kwasa daga Afirka. An haife shi a 1915 a tsibirin Sant Lusiya, cikin tekun Karayib. Uwa da uba duka malaman lakwal ne. Uban ya rasu yana ɗan shekara 7, uwar ta riƙe su. Ya gama lakwal yana da shekara 14, ya yi aikin akawu, kana ya ci jarrabawar tallafin karatu ya tafi Landan. Ya so zama injiniya, amma a zamanin Turawan mulki ba a ɗaukar baƙar fata wannan aiki a ƙasarshi, sai ya koma ga tattalin arziki. A 1948 ya zama babban malami a jami'ar Mancesta. Shi ne baƙar fata na farko da ya samu lambar Nobel a fannin da ba na zaman lafiya ba. Ya rasu a 1991, kuma an sa hotonshi bisa takardar kuɗɗi ta dala 100 ta tsibiran yankinsu.

'Yan'uwa 'yan biɗa, ku kasa kunne nan, don maganarku ce ya rubuta a 1954. Ya ce a ƙasashe irin namu ƙauye yana da hannuwa fiye da abin da gona ke bukata, balle da rani. Birni kuwa yana neman ma'aikata. Mai ba da aiki a birni ba sai ya biya da yawa ba, ya isa shi ɗora kaɗan bisa abin da mutum ke samu a gida, mutane za su yi ta kwararowa. In ɗaya ya ce lada ta yi kaɗan, ga goma a bakin ƙofa sun sauko daga mota. Shi ya sa shekara da shekaru birni na ƙara girma, benaye na tashi, amma ladar mai gadi da ɗan dako da ɗan ga-ruwa tana nan inda take. Riba tana tafiya ga mai jari. In ya maida ta cikin sabbin masana'antu, wata rana hannuwan ƙauye za su ƙare, lada ta tashi. In kuwa ya cinye ta ko ya fidda ta waje, jiran ba ya ƙarewa.

Daga nan sai ya ciro abin da ya fi shafar mu: ladar ɗan ci-rani a birni, gonar gida ce ke yanka ta. Ran da gonar gida ta fara ciyar da mutum da kyau, ranar ba mai iya ɗaukar shi aiki a banza. Tun a 1953, da hukumar ƙasar da ta zama Gana ta nemi shawararshi bisa kafa masana'antu, ya ce musu su fara da gyaran noman abinci. A 1957 ya zama mai ba Kwame Nkuruma shawara, amma ba su daɗe tare ba, don ra'ayinsu ya saɓa bisa yadda za a kashe kuɗɗin ƙasa, ya bar aikin a 1958.

To kun ga maganar mutanen nan biyu ta gamu wuri ɗaya. Jikkar da ɗan biɗa ya aiko anka sa ta cikin taki, ko garma, ko karatun ƙane, ba gida kaɗai ta taimaka ba. Ta ƙara ma shi kanshi daraja a kasuwar aiki.

3. WANDA YA BINCIKI YUNWA

A 1998 anka ba Amartya Sen, ɗan ƙasar Indiya. Yana ɗan shekara 9 ya ga yunwar Bengal ta 1943 da idonshi, wadda ta kashe mutum tsakanin miliyan 2 da miliyan 3. Cikin littafinshi na 1981 ya binciki wannan yunwa, da ta Habasha, da ta Bangladash, da kuma tamu ta Sahel ta farkon shekarun 1970. Abin da ya gano shi ne, sau da yawa mutane na mutuwa da yunwa alhali ga cimaka a kasuwa. Abin da ke faɗuwa shi ne ƙarfin saye. Makiyayi ya kai saniya kasuwa, kowa ma ya kawo tashi, farashin bisashe ya faɗi, na hatsi ya hau, saniyar da dā ke sayen buhu da yawa ta koma ba ta sayen ko ɗaya.

Wannan ba labari ba ne gare mu. Waɗanda sunka ga 1973 da 1984 sun shaida. A 2005 kuma dukanmu mun ga hatsi jibge a kasuwannin Maraɗi, tiya ta fi ƙarfin mai gida. Darasin Sen shi ne, kare kai daga yunwa ba ga yawan damman da ke rumbu kaɗai yake ba. Sai an san lokacin saye da lokacin saidawa. Wanda ya zubar da hatsinshi da kaka don biki, ya koma sayen shi da damana da tsada, ya yi noma ne don wani. Bankin cimaka na gari amsa ce ga wannan ciwo, muddin masu riƙe da shi sun iya kaye da alƙalami.

Sen ya ɗauki kuɗɗin lambar ya kafa wata gidauniya a Indiya da Bangladash, mai kula da ƙananan lakwal da lafiyar talakawa.

4. MALAMIN DA YA FITO DAGA AJI

A dā Muhammad Yunus shi ne shugaban sashen tattalin arziki a jami'ar Citagong, ƙasar Bangladash. A 1974 yunwa ta faɗa ma ƙasarsu. Ya ga yana koyar da manyan ka'idoji cikin aji, mutane na faɗuwa a bayan katanga. Sai ya ɗauki ɗalibanshi sunka shiga ƙauyen Jobra da ke maƙwabtaka da jami'ar. A 1976 sunka tarar da mata masu saƙa kujerun gora. Ba su da kuɗɗin sayen gora, sai su ci bashi ga ɗan kasuwa, da sharaɗin shi za su saida ma kujerun a farashin da ya yanka. Sunka ƙidaya mutum 42, duk abin da ya ɗaure su dalar Amurka 27 ce, kuɗɗin da ko a canjin shekarun nan ba su kai jikka 20 ba. Ya ba su daga aljihunshi, sunka biya shi.

Daga nan bankin Grameen ya samo asali, ma'anar sunan kuwa bankin ƙauye. An kafa shi bisa doka a 1983, yana ba da ƙananan basussuka ba tare da jingina ba, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na masu karɓa mata ne. A 2006 anka ba Yunus da bankin lambar Nobel, amma ta zaman lafiya, wadda ake ba da wa a birnin Oslo.

Sai dai akwai gyara, kuma dole mu faɗe shi. Bashin nan akwai ruwa bisanshi, malamanmu kuwa suna da magana a kan haka. Bayan wannan, a 2015 an fitar da sakamakon gwaji daga ƙasashe shida, har da Maroko da Habasha da Indiya, ya nuna cewa ƙaramin bashi yana taimaka ma wasu su faɗaɗa sana'a, amma shi kaɗai ba ya fidda yawancin gidaje daga talauci. Ke nan lambar girma ba ta hana a sake auna aikin mutum.

5. MASU AUNAWA DA ƘURI'A

Cikin masu wannan awo akwai waɗanda anka ba lambar a 2019: Abhijit Banerjee haifaffen Indiya, Esther Duflo haifaffiyar Paris, da Michael Kremer ɗan Amurka. Duflo tana da shekara 46 a lokacin, ita ce mafi ƙanƙantar shekaru da anka taɓa ba wannan lamba, kuma mace ta biyu bayan Elinor Ostrom ta 2009.

Hanyarsu kowane manomi ya san ta. In an kawo maka sabon iri, ba ka shuka gona duka. Ka kan raba ta biyu, rabi tsohon iri, rabi sabo, ka jira kaka ta yi hukunci. Su ma haka: a ɗauki lakwal da yawa, a jefa ƙuri'a, wasu a ba su abin da ake son gwadawa, wasu a jinkirta musu, bayan shekara a auna.

A tsakiyar shekarun 1990 Kremer da abokan aikinshi sun yi wannan gwaji a yammacin Kenya da littattafan karatu. Kowa ya zaci sakamako zai hau. Da anka auna, sai anka ga yaran da dā ma ke kan gaba su kaɗai sunka ƙaru, sauran suna nan jiya i yau. Dalili, littattafan da Ingilishi anka rubuta su, harshen da yawancin yaran ba su ji a gida, kuma an tsara su don ɗiyan birni. Mu da munka yi horon malanta da Faransanci, muna koyar da yaran da sunka tashi da Hausa, wannan sakamako ya taɓa mu ƙwarai. Yaron da ke iya lissafin canjin goro da dala-dala a kasuwa ba tare da kuskure ba, shi ne ke tsayuwa shiru gaban allo in an yi mishi tambayar da harshen da bai iya ba. Ƙasarmu ta hango wannan tun da wuri, don a 1973 anka buɗe lakwal ta gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram.

Daga 1998 sun gwada wani abu a lakwal 75 na wannan yanki na Kenya: maganin tsutsar ciki, mai araha ƙwarai. Fashin zuwa aji ya ragu da kashi ɗaya cikin huɗu. A Indiya kuma Banerjee da Duflo sun auna aikin wata ƙungiya mai suna Pratham, wadda ke ɗaukar 'yan matan unguwa su zauna awa biyu kowace rana da yaran da anka bari baya, su koya musu daga inda sunka tsaya, ba daga inda littafi ya kai ba. Yaran sun ƙaru sosai, kuma daga baya miliyoyin yara sun ci amfanin wannan tsari.

6. ABIN DA LAMBA BA TA GANI

Kada mu ɗauka duk wanda anka rataya ma zinariya ba ya kuskure. A 1997 an ba Robert Merton da Myron Scholes lambar don lissafin kasuwar hannun jari. Shekara ɗaya tak bayan haka, a 1998, babban kamfanin juya kuɗɗi da suke cikin shugabanninshi ya yi asarar fiye da dalar Amurka biliyan 4, sai da manyan bankuna sunka taru sunka tallafe shi.

Kuma lambar tana da inda idonta ke kallo. Mafi yawan waɗanda sunka same ta malaman jami'o'in Amurka ne. Daga 1969 zuwa 2024 mata uku kaɗai anka ba, kuma babu ɗan wata ƙasa ta Afirka ko ɗaya.

Amma ga wani abu da ya faru nan ƙofar gidanmu. A 1991, cikin jihar Maraɗi, ƙungiyar CARE ta fara aiki da matan karkara bisa tsarin da anka sa ma suna Mata Masu Dubara. Tushenshi adashen da iyayenmu mata sunka gada ne, anka yi mishi gyara. Mata kamar 25 ko 30 su haɗu kowane mako, kowace ta zuba abin da anka yarda, a sa cikin akwatin ƙarfe mai makullai a hannun mutane daban-daban, ba a buɗe shi sai gaban kowa. Mai bukata ta ranta ta yi sana'a ta maido, ƙarshen zagaye a fasa asusu a raba. Ba banki, ba kuɗɗin waje. Wannan tsari ya bazu daga Maraɗi zuwa ƙasashe da dama na Afirka da Asiya, miliyoyin mutane sun shiga irinshi. Waɗanda sunka yaɗa shi ƙauye zuwa ƙauye mata ne irin iyayenmu da ke zaune can bayan rumfa, da yawansu ba su taɓa riƙe alli ba. Sun koyar da ajiya da rance da riƙon amana, wato tattalin arziki tsantsa. Ba a kira ko ɗayansu Istokholm ba. In mu ba mu yaba musu ba, wa muke jira shi zo shi yaba?

7. SHAWARARMU

Ga masu cewa yabo ɓarnar kuɗɗi ne, muna cewa: yaro yana kallon wanda anka tafa ma. In garinmu mai sabon babur kaɗai ake rakiya da kallo, kowane yaro zai bar aji shi bi mota. In kuwa sun ga mai gari ya miƙe tsaye don girmama wadda ta koya ma mata riƙon asusu, ko wanda ya riƙe kayen bankin cimaka ba a rasa tiya ɗaya ba, za su gane akwai wata hanyar yin suna. Ga masu son a yi babban biki kuma muna cewa: rijiya da rufin aji suna gaba, ba za a taɓa kasonsu ba.

Don haka muna goyon bayan shawarar, bisa sharuɗɗa biyar. Uku na farko mun aro su daga mutanen Suwidin, biyun ƙarshe daga darussan da munka ji yanzu.

Na ɗaya: ba mai sa sunan kanshi. Can ma doka ce. Wasu ne za su kawo sunan mutum.

Na biyu: a rufa asirin shawara. Can sai bayan shekara 50 ake buɗe sunayen da anka kawo. Nan ma 'yan kwamiti su riƙe bakinsu, don kada wanda bai samu ba shi ji kunya, zumunci shi ɓaci. A sa dattijo, malami, mace, ɗan ci-rani da malamin lakwal cikin kwamitin, kuma in an zo kan ɗan'uwan ɗayansu, shi fita waje.

Na uku: wanda anka ba dole shi koyar. Mai karɓar lambar Nobel wajibi ne shi yi jawabi gaban jama'a bisa aikinshi. Namu ma shi zauna gaban taro shi bayyana yadda yake yi, da Hausa, kowa shi ji.

Na huɗu: a auna da aiki, ba da daɗin baki ba. Mutum nawa ya koya ma? Sun iya? Asusun da ya riƙe ya cika ran rabo? Gani ya kori ji.

Na biyar: ƙofa a buɗe take ga mace da namiji, mai sartifika da wanda bai taɓa shiga lakwal ba. Kyautar kuma kada ta wuce ƙarfinmu: takardar shaida da hannun mai gari, da wani abin aiki kamar akwatin asusu, kaye da alƙaluma, ko buhun taki.

Mu malaman lakwal mun ɗauki alkawarin namu kaso. Da rani za mu buɗe aji da marece, kwana biyu a mako, ga duk babban da ke son koyon rubuta shiga da fita na kuɗɗi da hatsi, ba tare da biyan komi ba. Muna roƙon 'yan'uwa 'yan biɗa, kafin ku koma, kowa shi zauna da mutanen gidanshi a rubuta inda abin da yake aikowa ke tafiya. Muna kuma roƙon iyaye a bar ɗiya maza da mata su kai ƙarshen aji na shida, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Hausawa sun ce yabon gwani ya zama dole. Sauran magana tana hannun taro.

 Allah shi saka ma dattawa da alheri, shi kai matafiya lafiya shi maido su lafiya, shi ba mu damana mai albarka da zaman lafiya a ƙasarmu. Amin.